Robar waina da aka ajiye mini a bakin ƙofa

Ranar Asabar, 3 ga Fabrairun 2024, ɗana na fari ya cika shekara biyar, kuma a wannan rana ce, a hawa na uku na gidan da muke haya a birnin Kolon na ƙasar Jamus, wata mata ta mayar mini da abinci. An yi watanni da faruwar abin, amma har yau idan na buɗe kabad na ga robar nan mai shuɗin murfi sai in ji raina ya sosu kamar jiya aka yi.

Ni haifaffiyar cikin garin Katsina ce, wajen Ƙofar Guga, kuma a 2021 na biyo maigidana wanda yake aikin jinya a wani asibiti a nan. A gidanmu ba a san bikin ranar haihuwa ba. An yanka wa yaro ragon suna ranar bakwai, wanzami ya yi masa aski, sai kuma ranar da Allah ya nufe shi da saukar karatu. Balle kuma ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kama sunansa. Nawa sunan surukina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Da a gida nake, kunya kaɗai ta isa ta hana ni tara mutane a kansa.

Abin da ya sa na yi shi ne bashi. A cikin shekara ɗaya gida huɗu suka gayyace shi daga cikin yaran da suke zuwa Kita tare, wato makarantar renon yara, kuma kowane zuwa sai ya dawo da cikinsa a cike da ɗan ƙunshin alewa a hannu. Mu kuwa an yi mana tarbiyya a kan cewa biki bashi ne, wadda ta zo naki dole ki je nata, wadda ta ciyar da ɗanki dole ki ciyar da nata. Da ya tambaye ni yaushe za a yi nasa, kuma ya ce shi irin na Karnebal, wato bikin titi da garin yake yi duk shekara, yake so tun da lokacin ya zo, ban iya ce masa a'a ba.

Duk wanda ya zauna a Kolon ya san Karnebal. Suna buɗe shi ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 da minti 11, sannan ya kai ƙololuwa a makon da ke gabanin azumin kwana 40 na Kiristoci, ranar Litinin ɗin da suke kira Rosenmontag, wadda tun 1823 suke yin jerin gwanonta. Ayarin yana ratsa gari wajen kilomita 8, ana watso alewa da cakulan daga kan motoci, abin da aka ce yana kai tan 300, yara suna miƙa jakunkuna suna ihun "Kamelle", wato alewa. Akwai wasu masu kayan soja ja da fari da suke tuna mini da dogarai. Akwai kuma shan giya mai yawa, kuma wannan ne ya sa Baban Abba ya yi jim da na kawo masa maganar. Na ce masa ba ruwanmu da na manya, ɓangaren yara kawai za mu ɗauka, wato sa tufafin kwaikwayo da rabon alewa, kuma wannan bai fi tashen da muke yi tun daga goma ga azumi ba, lokacin da yayyena suke manna gemun auduga suna bin gidaje ana ba su hatsi da kwabbai. Hausawa ma sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ya amince, da sharaɗin a yi komai a cikin gida.

Ban sayi kayan kwaikwayo na kanti ba. Na ƙudurta cewa idan ɗana zai yi shiga, to shigar gidansu zai yi. Mako biyu na yi ina haɗa dawaki. Babu karan dawa a nan da za a yi dokin kara, don haka na sayi sandunan share ɗaki guda bakwai, na cusa auduga a cikin manyan safa na ɗaura a kan kowace sanda, na ɗinka maɓallai a matsayin idanu, na yi geza da zaren saƙa, na yi linzami da jan ƙyalle. Dokin Abba na yi masa ado da guntun wani tsohon leshina mai ruwan zinariya. Na yanka ragowar shaddar babansa na ɗinka masa alkyabba da hannu, dare huɗu ina yi bayan ya yi barci, na naɗa masa rawani da farin mayafina. Na tara gwangwanayen tumatir goma na naɗe su da takarda mai launi domin wasan jifa. Alewa kuwa sai da na hau jirgin ƙasa zuwa shagunan Turkawa na titin Keupstrasse da ke unguwar Mulhaim, saboda yawancin alewar roba ta nan ana haɗa ta da sinadarin da ake samu daga alade, kuma ba zan raba wa ɗan wani abin da ba zan ba nawa ba.

Malamarsu ta ba ni shawara cewa a al'adarsu ana gayyatar yara daidai da yawan shekarun mai bikin ko a ɗan ɗara, kuma lalle a rubuta lokacin farawa da lokacin tashi. Na rubuta ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 6, ina rubutawa ina jin nauyi, domin ban taɓa ganin inda ake gaya wa baƙo lokacin tafiyarsa tun bai zo ba. Yara shida na gayyata. A lissafina, yara shida suna da iyaye goma sha biyu, ga ƙanne da yayye, ga maƙwabta, abincin mutum talatin ke nan. Baban Abba ya ce mini sau ɗaya, "Maman Abba, ki rage, mutanen nan ba sa zama." Na ɗauka yana nufin ba sa daɗewa.

Tun daren Alhamis na jiƙa shinkafar waina. Tandar ƙarfen da Inna ta cusa mini a akwati ranar da zan taho, wadda na yi ta mita a kan nauyinta, ita na ɗora tun asubar Asabar. Na yi miyar taushe da kabewa da alayyafo da gyaɗa, na yi dafa-duka, na soya kaji huɗu, na yi cincin, na haɗa zoɓo da citta da kanumfari, na gasa kek. Na shimfiɗa sabuwar darduma a falo, na jera farantai talatin.

Ƙarfe uku daidai ƙararrawa ta fara kaɗawa. Kowane uba ko uwa zai tsaya a bakin ƙofa, ya cire wa ɗansa rigar sanyi, ya miƙa masa kyautar da zai ba Abba, ya yi mini murmushi, ya ce sai ƙarfe shida, ya juya. Na yi ta cewa bismillah ku shigo da ɗan Jamusancin da nake da shi, amma babu wanda ya cire takalminsa. Cikin minti goma na tsinci kaina da yara bakwai da tukwane biyar.

Sa'o'i ukun nan kuwa ba zan rage musu komai ba, sun yi kyau ƙwarai, kuma ina alfahari da su. Ɗaya ya zo a shigar damisa, ɗaya likita, wata yarinya mai farin gashi ta zo a ƙudan zuma da fukafukai a bayanta. Da na fito da dawakan sai suka yi tsit, sannan suka yi kansu gaba ɗaya. Baban Abba ya kunna musu algaita da tambari a waya, ya zaunar da Abba a kan kujera a ƙarshen baranda da alkyabbarsa, ya koya musu yadda ake sukuwa a zo a ja linzami a gaban sarki a ɗaga hannu a yi jinjina. Sun yi ta yi har suka haɗa gumi, 'ya'yan Jamusawa suna dunƙule hannu suna ƙoƙarin cewa "ranka ya daɗe", shi kuma ya haɗe fuska yana amsawa da kai kamar wanda ya taɓa gani. Mun yi wasansu na nan, wanda ake ɗaure wa yaro ido a ba shi muciya ya yi ta rarrafe yana bugun ƙasa har ya sami tukunyar da aka kife a kan alewa. Daga ƙarshe na hau kan kujera na watsa musu alewa suna ihun "Kamelle". Yarinyar nan mai fukafukai waina huɗu ta ci da zuma, ta zo ta riƙe mini zane tana neman ƙari.

Saboda haka da ƙarfe shida ta yi, na zuba wa kowane gida abinci a roba, kamar yadda kowace mace za ta yi a gida. Iyaye maza biyu suka karɓa da alamar mamaki, suka yi godiya. Da mahaifiyar yarinyar ta zo, na zaɓo robar da ta fi kowacce, na cika ta da waina tun da na ga 'yarta tana so, na miƙa mata da hannu biyu. Ta ce a'a, ta gode. Na ɗauka kara ce, na sake miƙawa. Ta sake cewa a'a. A karo na uku na ɗora mata a hannu ina dariya, kamar yadda ake yi wa wadda take jin nauyi. Sai ta daina murmushi, ta ce sun riga sun shirya abincin darensu, kuma ba ta son ta karɓi abin da za ta je ta zubar. Ta sunkuya ta ajiye robar a kan katakon da muke jera takalma, ta kama hannun 'yarta suka sauka, dokin safa yana jan ƙasa a bayansu.

A kan katakon takalma. Na rufe ƙofa, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Abba ya ji kukana.

Baban Abba ya yi mini bayani a daren, kuma na san gaskiya ya faɗa. Ya ce a nan idan mutum ya ce a'a sau ɗaya to a'a ɗin yake nufi, kuma a ganinta ni ce na matsa mata, ita kuwa ta girmama ni ne da ta gaya mini gaskiya maimakon ta karɓa ta juye a shara. Kaina ya fahimta, zuciyata ce ta ƙi. A inda na tashi, ko kin ƙoshi har wuya za ki karɓi kwano, ki ba yara ko almajiri, ki wanke, ki jefa ko da goro ko ƙwai biyu a ciki ki mayar. Mai mayar da abinci ko dai tana gaba da ke, ko tana zargin kin sa mata wani abu. Shekaru na yi ina ɗaukar tuwon sallah a kai ina kaiwa gida bakwai a unguwarmu, har da gidan da Inna ba ta shiri da matar gidan sosai, kuma ko ita ba ta taɓa mayar da kwano da abincinsa ba.

Da sanyi agogonmu ɗaya da na gida, don haka bayan isha'i na kira Inna. Na tura mata hoton bidiyon jinjinar, ta kalla sau uku, ta ƙwala wa Gwaggo kira ta zo ta gani. Baba ya leƙo ya ce Allah ya raya, amma kada a mayar da abin al'ada. Ban gaya mata maganar robar ba, sai dai ta ga tukwanen a bayana.

"Mi za ki yi da wannan abinci duka?"

Na ce zan sa a firiza. Ta ce maƙwabta fa? Na ce ba a kai musu haka nan. Ta ce to almajirai? Na ce babu, Inna. Ta yi shiru har na zaci layin ne ya yanke, sannan ta ce, "Allah sarki, ɗiyata." Wannan kalmar ta fi robar karya mini zuciya, domin na gane cewa ba abincin take tausayi ba.

Sai ta gaya mini cewa ita ma ta yi waina da safen nan ta rabar sadaka saboda Abba. Ba ta riƙe kwanan watan Bature ba, ƙanwata ce ta tuna mata, amma ta riƙe cewa cikin tsananin hunturu na haife shi, kuma ita ta yi ta hura wutar ruwan wankana da asuba har kwana arba'in, tana dama mini kunun kanwa. Ta ce kafin hantsi ya ɗaga tandar ta ƙare, yaran unguwa har layi suka yi. Tanda iri ɗaya ce da tawa, a wurin maƙeri ɗaya ta saye su. Tawa wainar mako biyu muka yi muna ɗumamawa.

Ranar Litinin na haɗu da matar a ƙofar Kita. Ta tare ni da fara'a kamar babu abin da ya faru, ta nuna mini hoton 'yarta tana barci rungume da dokin safa, ta ce ba a taɓa yi wa yaran biki mai daɗin wannan ba. Na yi godiya, kuma na yarda da gaske take faɗa, amma ban iya haɗa ido da ita ba, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne Abba bai taɓa ganin abin da yake kwaikwayo ba. Yana da shekara biyu muka taho. Ni kuwa a wuyan Baba na fara kallon hawan sallah a Ƙofar Soro, zamanin Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya rasu a 2008 ɗansa Abdulmumini ya gaje shi. Ina tuna 'yan lifida, da ƙarar bindigogin gargajiya da take sa ni ƙanƙame hular Baba, da hakimai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kowa da jama'arsa, da laimar sarki tana juyawa can daga nesa. Ƙaramar sallar 2024 ta faɗo a watan Afrilu, mun so zuwa, kuɗin jirgin mutum uku ya gagara. Haka na rasa bikin ƙanwata a 2023, na kalle shi ta waya ina zaune a kicin.

Inna ta ce wannan alkyabbar da na ɗinka ta yi, amma ba ta sarauta ba ce, za ta sa a yi masa ta gaske ta ajiye har ranar da muka zo. Na ce zan turo mata awonsa, ta ce ba ta gane awon santimita. Akwai ɗan yayana da aka haifa wata ɗaya da Abba, shi ta kai wa tela aka auna, ta ce a ƙara ɗan yatsa huɗu a tsawo, saboda ba ta san ko sallar baɗi ce ko ta gaba ba.