Kular ƙanƙara daga Yamai zuwa Maraɗi: bin sawun cutar da ke ƙandarar da fata

Tun kafin kiran assalatu motarmu ta bar Yamai, a tsakiyar watan Janairu. Da gangan muka zaɓi hunturu. Cutar da muke bi, wadda likitoci ke kira sikilerodarmi, sanyi ne ke tona mata asiri: jijiyoyin yatsu su tsuke, jini ya ƙi kai wa, yatsa ya yi fari sannan ya yi shuɗi, in ɗumi ya dawo ya yi ja da zogi. Wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya siffanta wannan alama a 1862, kuma fiye da tara cikin goma na masu cutar suna da ita, sau da yawa shekaru kafin fata ta fara tauri. A watan Afrilu, lokacin da Maraɗi ke tafasa, kana iya tambayar mace har ka gaji ba ta tuna da ita ba.

Hanyar ta kai kilomita 660, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa da Gidan Runji. A Galmi buhunan albasa sun yi layi a bakin kwalta, amma hankalina yana kan kayan da ke ƙarƙashin kujera: kula biyu, kwalaben jini masu murfi ja da shuɗi da ruwan hoda mai duhu, ƙananan bututun ajiya, wuƙaƙen huda fata masu faɗin milimita 4, ruwan fomalin da ruwan RNAlater na adana nama, ruwan renon ƙwayoyi mai launin jan zoɓo, da madubin duba gindin farce. Ruwan renon ne kaɗai ba ya son zafi, shi ya sa ya tafi cikin ƙanƙara tun daga gida. Mun shiga Maraɗi ta Tibiri bayan la'asar, ƙura ta rufe rana.

Ba a rasa wanda zai gane wannan cuta a garin jar akuya. Majemi ya san abin da ke sa fata ƙarfi da laushi: zaren da ke cikinta, wanda a ɗakin bincike ake kira kolajin. Akwai ƙwayoyin da aikinsu ke nan, saƙa wannan zare, sunansu fibrobulas, mu ce masu masaƙa. In an ji rauni sai su tashi su ɗinke wurin, in ya warke su ajiye aiki. A sikilerodarmi ba sa ajiyewa. Suna ta saƙa a fata, a huhu, a maƙoshi da hanji, har a zuciya. Kafin su haukace kuma abu biyu sun riga sun faru: ƙananan jijiyoyin jini sun lalace, garkuwar jiki ta juyo kan mai ita. Duk aikin bincike a kan cutar yana zagaya waɗannan ukun, da neman wanda ya fara kunna wa sauran wuta.

Washegari a asibitin da ya karɓe mu, majo, babban ma'aikacin jinya, ya riga ya tara mutum bakwai, shida mata. Haka cutar take ko'ina, mata sun ninka maza sau da yawa. Ta farko dattijuwa ce, hannuwanta cikin zane. Majo ya ce, "Inna, sannu da sanyi. Miƙo mu gani." Ta ce, "Ɗana, ai hannun ya daina naɗuwa, ko tuwo sai an gutsura mini." Fatar yatsun ta yi sheƙi kamar ƙirgin da aka shafa wa mai, ba ta tsunkuluwa, ba gashi, ba layin gaɓa. A kan yatsu biyu akwai ƴan ramuka, tabon gyambon da ya warke. A ƙirji da bayan kunne fatar ta yi dabbare-dabbare, fari da baƙi kamar an barbaɗa gishiri a kan masoro. Bakinta ya tsuke. Ta ce a ƙauye an ce kuturta ce, har an ware mata kwano.

Wannan ruɗani yana da dalili, kuma raba su ba wuya. Kuturta tana kashe jin taɓi: ka shafa auduga a tabon, mutum bai sani ba. Nan kuwa ji yana nan daram, har ma zogi ya yi yawa. Asibitin kutare na Danja yana kudu da gari, kuma wanda ya saba da wancan aiki zai gaya maka bambancin da kallo ɗaya. Lokotoro, wato likita, ta auna taurin fatar da ma'aunin Rodnan: wuri 17 a jiki, a tsunkuli kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimilla ba ta wuce 51. Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙa aunawa daga farko har ƙarshe, domin tsunkulin hannu biyu ba ya zama ɗaya.

Daga nan sai gindin farce, wurin da ake ganin ƙananan jijiyoyi da rai ba tare da an yanka ba. A zaunar da mutum minti 15 zuwa 20 a ɗaki mai ɗumin digiri 20 zuwa 22, a ɗiga mai a gindin farce, a duba yatsu takwas ban da manyan biyu, da madubi mai girmama abu sau 200. A hannun mai lafiya jijiyoyin suna jere kamar haƙoran mataji, bakwai ko fiye a kowace milimita. A hannun dattijuwar na ga guda uku, biyu sun kumbura sun zama ƙatti, tsakaninsu fili fetal. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin jijiya suna mutuwa, waɗanda suka rage suna fitar da endotelin-1 mai tsuke jijiya fiye da kima, sinadaran da ke buɗe ta suna raguwa, bangon ya yi kauri, sababbin jijiyoyi kuma su kasa tsirowa yadda ya dace. Nama ya rasa iska, rashin iskar kuma ya ƙara zuga masaƙa.

Mata biyu ba a iya duba su ba, kuma laifinmu ne da ba mu aika saƙo ba. Sun sha lalle har gindin farce, hasken madubi ya ƙi ratsawa. Ga baƙar fata dama sai an yi haƙuri da haske. Dole a gaya wa mace tun makonni kafin ranar kada ta ƙunsa, kada a yanke mata fatar gindin farce, ranar kuma ba goro ba shayi ba taba na wasu sa'o'i. Mai daka da wanki tana da ɗigon jini a gindin farce na aikin yau da kullum, kada a rubuta shi a matsayin cuta.

Ɗibar jini a hannun da ya ƙandare sai da dabara: a ɗumama damtse, a yi amfani da siririyar allura mai fuka-fuki, kada ɗaurin ya wuce minti ɗaya. Kwalba mai jan murfi a bar ta tsaye minti 30 jini ya daskare, a juya a inji minti 10 a kan juyi 3,000 a minti, a kwashe ruwan sama a raba shi ƙananan bututu. Rabawar tana da muhimmanci, don kada a narkar da bututu ɗaya a sake daskarar da shi sau uku. Wanda ya ɗora jini a kabu-kabu cikin rana kafin a juya shi zai sami ruwa ja maimakon rawaya, jajayen ƙwayoyi sun fashe, aikin ya ɓaci.

Akwai tarkon da ya kama masu bincike da yawa. Babban mai ba masaƙa umarni sinadari ne mai suna TGF-beta, kowa yana son ya auna shi. To amma ƙwayoyin daskarar da jini cike suke da shi, suna zazzage shi lokacin da jini ke daskarewa a kwalba. Wanda ya auna shi a ruwan kwalba mai jan murfi, abin da ya faru cikin kwalbar ya auna, ba abin da ke jikin mara lafiya ba. Sai a ɗiba a kwalbar da ke hana daskarewa, a sa ta cikin ƙanƙara nan take, a juya sau biyu har ƙwayoyin su kwanta. Ranar wuta ta ɗauke tsakanin juyi na farko da na biyu, kafin a tada injin wuta minti arba'in sun wuce. Kwalabe uku na rubuta masu alama, sun fita daga wannan awo. Ruwansu bai tafi a banza ba, domin antikor, sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa cikin jini, ba su da wannan tsirfa, suna jure kwanaki a sanyin firigo.

Antikor ɗin su ne sa hannun cutar. Ana zuba ruwan jini da aka tsarma kashi 1 cikin 80 ko 160 a kan ƙwayoyin HEp-2, ƙwayoyin jikin mutum da ake reno a ɗakin bincike, a duba da madubi mai koren haske. Ɗigo-ɗigo masu ƙirguwa a cibiyar ƙwaya suna nuna anti-santromiya, wadda ke tafiya da nau'in da ke tsayawa a yatsu da fuska, amma yakan kawo hawan jinin jijiyar huhu bayan shekaru. Anti-Scl-70 tana tafiya da nau'in da ke bazuwa a jiki da tabon huhu. Anti-RNA polimeraz III tana gargaɗi a kan ƙoda. Kusan kullum mutum ɗaya guda ɗaya yake ɗauke da ita. Binciken da aka yi a kan baƙaƙen Amurka da na Afirka ta Kudu ya nuna anti-santromiya ba ta cika yawa a cikinsu ba, anti-fibrilarin ta fi yawa, cutar kan zo da wuri kuma ta fi taɓa huhu. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauko lissafin Turai a ɗora wa Maraɗi. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda kan bar wa masu lafiya ƙaramin haske a wannan gwaji. Don haka kowace mara lafiya mun nemi mai lafiya sa'arta, daga yankinta, mun ɗibi jininta don kwatance.

Mutum huɗu suka yarda a ɗebi fata, bayan an karanta masu takardar yarda da Hausa. A bayan damtse ake yi, a kashe wurin da lidokayin, a murza wuƙar milimita 4, a ɗinke da zare ɗaya. Sai an faɗa wa mutum gaskiya: fata mai tauri tana jinkirin warkewa, kuma mai jikin yin tabo mai tudu ba a taɓa shi. Ɗan naman bai kai ƙwayar dawa biyu ba, amma gida uku yake shiga. Na fomalin, ruwan ya ninka naman sau goma, za a rina shi da rinin Masson, kolajin ya fito shuɗi, a ga yadda ya cinye kitsen ƙarƙashin fata ya shaƙe hanyoyin gumi. Na RNAlater don a karanta waɗanne ƙwayoyin gado ne a kunne, yana jure mako guda a digiri 25 amma kwana ɗaya tak a digiri 37. Na uku, mai rai, cikin ruwan reno.

Wannan na ukun shi ne zuciyar tafiyar. A 1974 wani likitan Amurka, Carwile LeRoy, ya nuna cewa masaƙan da aka ciro daga fatar mai cutar suna ci gaba da saƙa kolajin fiye da na mai lafiya, ko da an raba su da jiki. TGF-beta ya taɓa ƙwaya, manzanni biyu, SMAD2 da SMAD3, su kai saƙo cibiya, masaƙi ya rikiɗe ya yi tsoka yana jan nama. Jan da yake yi yana kwance wani TGF-beta da ke ɗaure cikin zaren, taurin naman kuma da kansa yana ƙara zuga shi. Saƙa ta haifi tauri, tauri ya haifi saƙa. A ɓera ana kwaikwayon haka da allurar wani magani, bileomisin, ƙarƙashin fata kullum har mako huɗu, sai dai magunguna da yawa da suka warkar da ɓera sun zo kan mutum sun gaza.

Namiji ɗaya tilo cikin bakwai ɗin ya sa muka bi hanyar Ɗan Isa a rana ta uku. Ya yi shekaru yana fasa dutse a ramukan zinariya na Jado, can arewa maso gabashin Nijar. A Ɗan Isa kanta ramin zinariya ya rufta a Nuwamban 2021 ya kashe aƙalla mutum 18, amma ƙura tana kisa ba tare da an ji ƙara ba. A 1957 likita Erasmus ya ba da rahoton yawan wannan cuta a cikin masu haƙar zinariya na Afirka ta Kudu. Ƙurar silika mai laushi da ke fita daga dutse tana kai wa ƙarshen huhu, ƙwayoyin shara su haɗiye ta su kasa narkarwa, su mutu suna kururuwar kumburi, wasu su sake haɗiya. Ƙurar dutse sabon fashi ta fi tsohuwa dafi, niƙa a bushe ya fi niƙa da ruwa haɗari. A takardarmu tambayar sana'a layi ɗaya ce, na mayar da ita shida: wane rami, shekara nawa, haƙa ko niƙa, a bushe ko da ruwa, da ƙyalle a hanci ko babu, yaushe aka bari. Mutumin ya sha maganin tarin fuka wata shida ba a taɓa ganin ƙwayar tarin a majinarsa ba.

Abin da ya fi tayar wa lokotoro hankali shi ne ƙullin magani da uku daga cikin marasa lafiyar suka zo da shi daga kasuwa, firednizon, maganin kumburi, a ciki. Daga miligiram 15 a rana zuwa sama yana iya tayar da rikicin ƙoda a wannan cuta, jini ya hau farat ɗaya, fitsari ya ragu. Ta ce wa ƴar dattijuwar, "Ƙanwata, kada ki yanke mata shi rana ɗaya, a hankali za mu rage. Amma awon jini duk mako, in kai ya sara ki kawo ta ko da dare ne."

Motar asuba muka biyo a dawowa. Kowace kwalba cikin leda mai auduga, ledar cikin gwangwani mai murfi, gwangwanin cikin kula. Naman mai rai na naɗe shi da kwali don kada ya taɓa ƙanƙara, domin daskarewa tana fasa ƙwayoyi, digiri 4 yake so, kuma kada ya wuce kwana biyu a hanya. A shingen Ƙonni jandarma ya ce, "Malam, mi ke ciki?" Na miƙa masa takarda, na roƙe shi kada a buɗe. Ya karanta ya ce Allah ya ba su lafiya.

Daren da muka isa aka yayyanka naman, aka manna shi a gindin kwalaben reno, digiri 37, iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. A kwana na huɗu ruwan kwalba ɗaya ya juye daga ja zuwa rawaya ya yi gurɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga, aka zubar. A kwana na goma sha biyu, a kwalbar dattijuwar, masaƙa sun fara rarrafowa daga gefen naman, dogaye sirara kamar ganyen gero. Za a yi aiki da su tsakanin dashe na uku da na shida, kafin su manta jikin da suka fito.