Mako na shida tsakanin bas ɗin katako da na lantarki

'Yan'uwana masu koyo, yau mako shida ke nan da na fara raba lokacin atisayena tsakanin dabul-bas na katako, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya da ake kaɗawa a tsaye, wanda na shekara uku ina kaɗawa, da bas na tsaye mai aiki da lantarki, wanda na aro domin in riƙa kaɗawa da dare ba tare da na tashi maƙwabta ba. Tsirkiya huɗu ce a kan kowannensu, masu suna E, A, D da G, tsawon tsirkiyoyin kuma ya kusa zama ɗaya a bas ɗin biyu, wajen santimita 105, shi ya sa na zaci hannu zai saba nan da nan.

Hannun dama ne ya fara nuna mini kuskurena. A kan na katako, nakan kwantar da gefen ɗan manuni a jikin tsirkiya, in ja ta da nauyin hannu tun daga kafaɗa, domin sai an girgiza wannan ƙaton akwati kafin ya yi magana. Na lantarki ba shi da akwatin. Na'urar da ke cikin jakinsa, wato katakon da tsirkiyoyi suke hawa kamar na goge, tana ɗaukar kome, har ƙarar gogar kantar yatsa a kan ƙarfen tsirkiya. Da na ja da ƙarfin da na saba, abin da ya fito daga lasifika shi ne "ƙwas" na tsirkiya tana dukan allon yatsu. Sai da na ƙara murya a amfilifaya, na rage ƙarfin ja da kusan rabi, sannan sautin ya cika.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne daɗewar sauti. A katako sauti yakan mutu da kansa, wannan mutuwar ce kuma take ba tafiyar bas a kiɗan jaz tsallenta. A lantarki sai ya yi ta ja, musamman tsirkiyar E, wadda ke kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, har ta shiga cikin sautin da ke biye. Yanzu ina koyon ɗaga yatsan hagu kaɗan domin in kashe kowane sauti a lokacinsa. Ban ɗauki daɗewar a matsayin aibi ba, domin Bajamushen makaɗin bas ɗin nan Eberhard Weber a kanta ya gina salonsa tun shekarun 1970.

Hannun hagu kuwa alamarsa ya rasa. A na katako, inda wuya ya haɗu da jiki babban yatsa yakan tsaya, ɗan manuni ya faɗa kan sautin D a tsirkiyar G ko da idona a rufe. Wanda na aro ba shi da kafaɗa, sai ɗige-ɗige a allo, na kuwa ƙi dogara da su, saboda ido yana lalata kunne. Nakan kaɗa tsirkiyar D ba tare da na danna ta ba in gwada da ita.

Izga da ƙaro, wato kaɗawa irin ta goge, ban taɓa su sosai ba tukuna.

Ranar Asabar na koma kan na katako tare da mai fiyano da mai ganga, suka ce da ƙyar suke jina, domin hannuna ya yi laushi. Daga gobe zan ba katako rabin awa kowace safiya, lantarki kuma ya jira dare.