Yadda muka ɗauki fim a unguwannin Hausawan Jidda

Aikin da ya kai ni Saudiyya da kyamara fim ne na tarihi a kan Hausawan Jidda, jikokin alhazan da suka tako da ƙafa ta Borno da Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya daga Sawakin, suka yi zamansu. Daga Kano muka tashi, ni da mai ɗaukar hoto da mai ɗaukar sauti.

Shawarar da aka fi ba ni kafin tafiya ita ce mu nemi bizar Umra, mu cusa kyamara cikin kaya, mu yi ɗaukarmu a ɓoye mu dawo. Na ƙi. Bizar Umra ta ibada ce, ba a aiki da ita, kuma ƙasar ta daɗe da barin zamanin da fim yake abin ɓoyo. A 2018 aka sake buɗe gidajen silima bayan shekaru fiye da 30 a rufe, a 2020 aka kafa Hukumar Fina-finai a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, sannan tun 2021 ake bikin fina-finai na Red Sea a Jidda. Ƙofa a buɗe take, sai dai ana son ka shigo ta cikinta.

Mun fara da neman kamfanin shirya fim na 'yan ƙasa mai lasisi, shi ya tsaya mana. Ta hannunsa muka miƙa taƙaitaccen labarin fim ɗin da Larabci, da kwafin fasfo na kowa, da jerin wurare da ranaku, da jerin kayan aiki har da lambar jikin kowace kyamara da makirfo. Wannan jerin ya yi mana rana a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, domin da shi jami'an kwastan suka bi kayanmu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya kamata mai shiri ya sani da wuri shi ne tasrihi ɗaya, wato takardar izini, ba ya buɗe ko'ina. Kowane wuri da mai shi. Tsohon garin Jidda, Al-Balad, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, yana da masu kula da shi daban. AlUla, wani garin tarihi na ƙasar, tana da nata ofishin fim. Jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa sai da izinin hukumar jiragen sama, saboda haka muka bar namu a gida. Harami ma ba mu sa shi a lissafi ba.

Kuɗi kuma ba a jikin takardar izini ya fi tafiya ba. Ladan kamfanin da ya tsaya mana, da mai fassara, da inshorar kaya, da mota da masauki, su suka ci kasafin, kuma kusan kowane rasiti yana ɗauke da harajin kashi 15 cikin 100. Riyal a ɗaure take da dalar Amurka, 3.75 a kan dala ɗaya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi, a aljihunka za ka ji ta. A 2022 Hukumar Fina-finai ta buɗe tsarin mayar wa masu shiri har kashi 40 cikin 100 na abin da suka kashe a ƙasar. Tsari ne mai kyau, amma sai ka kashe tukuna, da rasitai da binciken akanta, kafin a mayar maka. Ƙaramar tawaga kada ta gina lissafinta a kansa.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da abin da muka tarar a Karantina, wata unguwar Hausawa a Jidda. Wani dattijo haifaffen unguwar ne jagoranmu. Ya karɓi takardar izininmu ya duba, ya miƙo min, ya ce, "Yaro, wannan ta hukuma ce. Ta mutane fa?"

Na ce, "Kawu, wace ce ta mutane?"

Ya nuna min matan da suka kasa kaya a bakin titi. Wasu an haife su a nan, suna da takardun zama. Wasu igamarsu, wato takardar zaman, ta mutu tun tuni, wasu ba su taɓa samu ba. Fuskar irin wannan baiwar Allah ta fito a YouTube, mu muna Kano muna karɓar yabo, ita tana iya kwana a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. A nan na ƙara gane illar ɗaukar ɓoye: idan askar, wato jami'in tsaro, ya tsayar da baƙo da kyamara babu izini, tambaya ba ta tsayawa a kansa, sai ta bi ta kan wanda ya sauke shi da wanda ya yi masa jagora. Dokar ƙasar ma ba ta wasa da wannan. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya da makamantanta.

Sai muka sauya tsarin aiki. Kowane gida mukan fara zuwa hannu rabbana, mu gaisa, mu sha shayi, mu faɗi inda fim ɗin zai fita. Takardar amincewa mukan karanta ta da Hausa a bayyane, saboda da yawa suna jin Hausa sarai amma Larabci suka iya karantawa. Wata tsohuwa, wadda kakanta ya yi shekaru a gonakin audugar Jazira a Sudan kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa, ta ce min, "Ɗana, ɗauki muryata, ka bar min fuskata." Haka muka yi. Hirarta ce mafi tsawo a fim ɗin, kuma hannayenta kawai ake gani tana tankaɗen garin tuwo. Wasu gidajen sun ce a'a gaba ɗaya, muka yi godiya muka wuce na gaba.