Rumfunan Katako da Benayen da Aka Rufe: Yinina a Birmingham

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Euston ta Landan yakan kai mutum Birmingham cikin awa ɗaya da rabi, wani lokacin ma bai kai haka ba. Shi na hau wata Asabar a watan Disamba, domin yayata da ke aikin jinya a can ta matsa lallai sai na zo na ga kasuwar Kirsimeti kafin a tashe ta. Bikin ba namu ba ne, ita ma ta sani. Ta ce kasuwa ai ta kowa ce, kuma wanda bai ga tsakiyar garin a wannan lokaci ba, bai ga Birmingham ba.

Ta tarye ni a tashar New Street, gindin wani ƙaton bijimin ƙarfe mai tsayin mita 10. An ƙera shi ne don bikin buɗe wasannin Commonwealth na 2022, mutanen gari suka ce ba za a farfasa shi ba, aka kawo shi tashar a 2023. Kowa shi yake ɗauka a waya. Ita kuwa Yaya sai ta ja ni hawa na sama, inda rukunin kantunan Grand Central yake, ta nuna mini wani ɓangare da aka toshe.

"Nan ne John Lewis," in ji ta. "Tukwanena na farko a ƙasar nan, a nan na saye su."

Kanti ne mai hawa huɗu. An buɗe shi a 2015, aka rufe lokacin kullen korona a 2020, bai sake buɗewa ba. Shekara biyar kacal ya yi, alhali yana saman tashar da babu kamarta wajen cunkoso a wannan yanki na Ingila. Masu ginin sun fito da shirin mayar da shi ofisoshi. Tun daga nan hankalina ya rabu biyu, domin duk inda na ga taro a yinin, sai na ɗaga kai na duba ginin da ke bayansa.

Muna fitowa titin New Street ƙamshi ya tarye mu. Rumfunan katako ne jere hagu da dama, an yi musu ado da ganye da fitilu, sun miƙe har dandalin Victoria, gaban ofishin majalisar birni. Sunan kasuwar ma na Frankfurt ne, birnin Jamus da ya ƙulla kawance da Birmingham tun 1966. An fara gwada ta a 1997, ta zama ta kowace shekara daga 2001, kuma ita ake kira mafi girman irin wannan kasuwa ta Jamusawa a wajen Jamus da Ostiriya. Tana ci daga farkon Nuwamba har jajiberin Kirsimeti. A bakin kowace mashiga akwai shingen kankare da ƙarfe, abin da ya zama ruwan dare a irin waɗannan kasuwanni tun bayan harin babbar mota da aka kai wa ta Berlin a Disambar 2016.

Rumfar da na fi daɗewa a gabanta ta wani mai suyar almon ce. Tukunyar tagulla ce a kan wuta, ya zuba sukari da kirfa da ɗan ruwa, sannan 'ya'yan almon, yana juyawa ba tsayawa. Ruwan ya ƙafe, sukarin ya koma gari, can kuma ya sake narkewa ya lulluɓe kowace ƙwaya tana sheƙi. Ya kwashe cikin tire, ya baza, ya naɗa takarda kamar mazurari ya cika mini. Zafinta a tafin hannu kaɗai ya biya kuɗin, don sanyin ranar har cikin ƙashi yake shiga.

Musulmi sai ya yi tambaya kafin ya kai abu baki. Dogon tsiran alade da giyar inabi mai zafi su suka fi kasuwa a wurin. Yaya ta san lungunan, ta kai ni inda ake sayar da koko mai zafi da wani abin sha na 'ya'yan itace da ake dafa wa yara, babu giya a ciki. Sai ka ajiye kuɗin jingina kafin a ba ka kofi, in ka dawo da shi a mayar maka da kuɗinka, in ka so kuma ka tafi da abinka. Mata masu hijabi da 'ya'yansu suna nan birjik a layin lilon dawakai. Ba abin mamaki ba ne, ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin Musulmi ne. Kaya dai da tsada, 'yan gari ma suna ƙorafi, amma hakan bai hana kafaɗa gogar kafaɗa ba.

Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Muka gangaro ta New Street za mu rukunin kantunan Bullring, ni kuma ina leƙen bayan rumfunan. Nan kanti a buɗe, can wani an manna wa gilasansa hotuna don kada a ga kango, gaba kuma allon neman mai haya. A ƙofar wani da aka rufe, wani bawan Allah ne kwance cikin jakar barci, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ajiye kofin takarda a gabansa. Taku goma tsakaninsa da masu kiɗa da dariya. A bayansa kuma ɗaki ne mai rufi, babu kowa a ciki. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin kantunan Woolworths ya durƙushe a ƙarshen 2008 da rassa sama da 800. Takwaransa BHS ya bi shi a 2016. Wani takwaransu, Debenhams, wanda asalinsa ya faro tun 1778, ya rufe ragowar kantunansa a 2021, har da na Bullring. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin kayan kanti a Birtaniya ya koma intanet. Ga haya, ga harajin da ake ɗora wa wurin kasuwanci bisa ƙimar hayarsa, wanda mai ajiye kaya a sito a bayan gari ba ya jin nauyinsa kamar mai kanti a tsakiyar birni. Mutane kam ba su daina son fitowa ba, taron da na kutsa cikinsa shi ne shaida. Salon kanti mai hawa-hawa da ke sayar da komai, shi ne ya gaza.

To me za a yi da gine-ginen? A Birmingham an rushe cikin tsohon rukunin kantunan Pavilions, aka mayar da shi kantin tufafi na Primark mai hawa biyar a 2019. Kantin Marks & Spencer ya shiga wurin Debenhams na Bullring a 2023, sai dai ƙaura ya yi daga titin High Street, wato an cike wani rami an bar wani. Abin da wasu garuruwan suka yi ya fi burge ni. Jami'ar Gloucestershire ta sayi ginin Debenhams na Gloucester a 2021 don ya zama wurin karatu. A Stockton an rushe rukunin kantunan Castlegate gaba ɗaya don a yi lambun shaƙatawa a bakin kogi. A Poole kuwa hukumar lafiya ta ƙasa ta karɓi hawa guda a kantin Beales ta mayar da shi asibitin duba marasa lafiya.

Da na kawo zancen Poole, Yaya ta tsaya cak. Ta ce da za a yi musu haka a saman tashar New Street, da tsofaffin da ke canza bas biyu kafin su zo a duba musu ido sun huta. Ni ma ra'ayina ke nan. Wurin da jirgi da bas da taragon cikin gari suka haɗu, lafiya da ilimi ya kamata a fara kai masa. Mayar da kantunan da aka rufe gidaje yana da daɗin faɗi, kuma tun 2021 doka ta sauƙaƙa hakan a Ingila, amma irin waɗannan benaye zurfi gare su, tsakiyarsu babu taga, gyaran kuma kuɗi yake ci. Majalisar birnin Birmingham kuwa ba ta da irin wannan kuɗi. A Satumbar 2023 ta sanar cewa kuɗin shigarta ba zai iya ɗaukar abin da take kashewa ba.

Hawan ƙasa kuwa, da ni ake shawara, a yanka shi ƙanana a ba masu ƙaramin jari, kamar yadda ake raba gida guda shago-shago a Kantin Kwari. Mai ɗinki, mai gyaran waya, mai saƙa, mai abinci, babu wanda zai iya ɗaukar bene, amma kowannensu zai iya biyan faɗin rumfa ɗaya. Daga Disambar 2024 an ba majalisun Ingila ikon yin gwanjon hayar duk kantin da ya shafe sama da shekara guda a rufe, ko mai shi bai so ba, na tsawon shekara ɗaya zuwa biyar. Ina fatan su yi amfani da wannan iko.

Mun ƙarasa kasuwar Bull Ring ta asali, bayan cocin St Martin, ana shirin tashi. Tun 1166 ake cin kasuwa a wannan yanki. Masu kayan miya sun jera tumatir da tattasai da lemo cikin ƙananan robobi, suna ɗaga murya suna karya farashi don kada kaya su kwana. Yaya ta sayi kifi da attaruhu, ta ɗora mini leda biyu, ta ce in manta da jirgin dare, sai na ci tuwonta gobe na koma.