Baturen da ya taso yana gudun wanka

A majalisarmu ta nan Garwa, in ka ambaci Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, sai baki goma ya amsa maka. In ka ce ninkaya kuwa, kallo kawai za ka sha. Duk da haka, tun 2016 nake bibiyar Adam Peaty ɗan Ingila a waya ni kaɗai.

Tsoron ruwa ne ya haɗa mu. Ina ɗan shekara tara santsi ya kwashe ni a bakin Binuwai, wani masunci ya fizgo ni ta wuyan riga. Tun daga ranar ruwa bai sake wuce min gwiwa ba. Sai na ji cewa shi ma Peaty, wanda aka haifa a garin Uttoxeter a 1994, yana ƙarami ko wanka sai an yi daga da shi. Wannan yaron ne ya zama sarkin iyon kwaɗo, salon da ake tura ruwa da ƙirji, ana buɗe hannaye biyu tare, sannan a harba ƙafafu biyu tare. A hannun kociyarsa Mel Marshall, shi ne mutum na farko da ya ci mita 100 ƙasa da daƙiƙa 58, a 2015. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016 ya yi 57.13 ya ɗauki zinare. A 2019 ya sauko 56.88 a Koriya ta Kudu, ya kuma kare kambunsa na Olamfik a Tokiyo.

Amma ni ba zinaren ne ya fi tsaya min a rai ba. A 2022 ya karye a ƙafa, a 2023 ya ajiye gasa, ya fito fili ya ce damuwa da giya sun ci ƙarfinsa. Mu nan namiji ba ya faɗin haka, sai dai ya yi ta ramewa ana cewa maleriya ce. Na girmama shi ƙwarai a kan wannan magana.

Daren zagayen ƙarshe na mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 2024, bayan isha'i, ina zaune kan tabarma da ɗana Habu. Martinenghi na Italiya ya taɓa bango a 59.03, Peaty 59.05, kunnen doki da Nic Fink na Amurka. Ko ƙiftawar ido ta fi wannan tazara tsawo. Washegari gwaji ya nuna yana ɗauke da korona.

Habu ya dube ni ya ce, "Baba, kai me ya sa ba ka iya ba?"

Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, na kai shi wajen wani dattijon masunci, nesa da inda dorinai ke kwanciya. Yanzu yana tsallake ƙaramin gurbi ba taimako, yana harba ƙafa kamar kwaɗo. Ni kuma ina tsaye kan yashi riƙe da rigarsa, gabana na faɗuwa har sai ya fito.