Biskit ɗin guzurin autana

Shekarar da autana ya shiga makarantar kwana, kwali biyu na biskit ɗin kabin na cusa masa a akwati, ina ganin na gama da yunwa. Ranar ziyara na tarar da shi ya rame, ƙasusuwan wuya duk a waje. Ashe duk ranar da tuwon makaranta bai yi masa ba, kabin yake jiƙawa da ruwa da sukari ya sha ya kwanta.

Kunya ta kama ni, ni da nake koyar da kimiyya. Kabin fulawa ce, da sukari, da ɗan mai da gishiri, aka gasa har ruwan ya ƙone. Bushewar ce ke sa ya yi watanni bai lalace ba. Yana tare ciki, amma abin gina jiki kaɗan ne, bitamin C kuwa ko ɗigo. Kakan wannan biskit ɗin matuƙan jiragen ruwan Ingila suka riƙa ci da nama mai gishiri har dasashinsu yana jini, sai a 1747 likita James Lind ya gwada bai wa wasunsu lemu suka farfaɗo.

Hutu na ƙarewa na ce ni zan yi da hannuna. Na sayi tunkuza wajen maƙwabciyata mai ƙuli, tunda gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne. Gwangwani biyu na fulawa, ɗaya na tunkuza, sukari kaɗan da citta. Ban sa ƙwai ko madara ba, su ke jawo saurin lalacewa. Na murza da faɗi, na tsattsaga da cokali mai yatsu, na gasa a tukunya mai yashi.

Na farkon asara na yi. Da ɗuminsa na zuba a roba na rufe, ya yi zufa, kafin sati ya fara fumfuna. Maƙwabciyar ta ce, “Malama, a kankare mana.” Na ƙi, domin fumfunar gyaɗa hanta take ci. Zubarwa na yi.

Yanzu sau biyu nake gasawa, na biyun da wuta kaɗan, in bar shi a faranti ya kwana. In na karya ya ce ƙas, ya yi. Wata guda nake ba biskit ɗin, bayan nan man gyaɗar kan fara warin tsufa. Ranar ziyara kuma da lemu da gwaiba nake zuwa.

Ƙorafin autana ɗaya: 'yan ɗakinsu sun gano inda yake ɓoye robar.