Kafin ka cire otomatik daga tsohuwar BMW

A cikin ayyukan da ake kawo mana gareji, babu wanda ya koya mini natsuwa kamar mayar da tsohuwar BMW E30 daga otomatik zuwa manuwal. Jamusawa sun ƙera wannan samfuri daga 1982 zuwa 1994, kuma wadda matasa suka fi kwaɗayi ita ce 325i, mai inji M20, silinda shida a jere, lita 2.5, ƙarfin doki wajen 170. Wadda ta zo da otomatik tana ɗauke da ZF 4HP22 mai giya huɗu. Giyabos ne mai haƙuri da juriya, amma yana danne kuzarin injin, musamman wajen tashi. M20 inji ne da sai ya haura juyi dubu huɗu a minti yake buɗe murya, otomatik kuwa yana gaggawar canza giya tun kafin a kai can. Don haka duk wanda ya taɓa tuƙa mai manuwal ya dawo kan tasa, ba na ganin laifinsa idan ya zo yana cewa a cire masa.

Yawancin masu zuwa sun riga sun zaɓi giyabos a ransu. Wani ya ji ana yabon manuwal ɗin kamfanin ZF da ke cikin E36 328i, samfurin BMW da ya biyo bayan E30, wani ya ji labarin mai giya shida. Abin da aikin ya koya mini shi ne in ajiye maganar giyabos tukuna, in kwanta ƙarƙashin motar in goge ƙurar da ke jikin kambun baya, wato akwatin giyar da ke tsakanin tayoyin baya, in karanta lambar da ke maƙale a kansa. Wannan lambar ce ke faɗa maka sau nawa farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa kambu, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma ita ce ke yanke hukunci kan kowane giyabos da za ka ɗora.

Ga yadda lissafin yake, kuma biro da bayan kwalin filta sun isa. Tayar 195/65 R14 da motar ke zuwa da ita tana cin ƙasa kimanin mita 1.91 a juyi ɗaya. A gudun kilomita 120 a awa, tayar na juyawa sau 1,045 a minti. Getrag 260, wanda shi ne manuwal ɗin asali na 325i, giyoyinsa 3.83, 2.20, 1.40, 1.00 da 0.81 ne. Idan kambun 3.73 ne, a giya ta biyar injin zai tsaya wajen juyi 3,150. Wannan daidai ne, mota na tafiya, kunne na hutawa. To, akwai masu otomatik, irin waɗanda aka kai Amurka, da ke ɗauke da kambu 4.10, domin giyarsu ta huɗu doguwa ce, 0.73. Ɗora Getrag 260 a kan wannan kambu, juyin ya koma wajen 3,470. Ana iya zama da shi, har wasu sun fi son hakan saboda saurin tashi. Amma ɗauko ZF ɗin E36, wanda giyarsa ta biyar 1.00 ce, ka haɗa shi da 4.10: injin zai riƙa ihu a kusan 4,300, daga Kano har Zariya, yana shan mai yana tara zafi. Giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau, kuma ya fi Getrag 260 ɗaukar ƙarfi, sai dai an yi shi ne don kambu mai lamba kusa da 3. Wanda ya nace a kansa dole ya nemo kambu irin 2.93 na 325e, wata 'yar'uwar 325i a cikin E30, kuɗi ya ƙaru, aiki ya ƙaru.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a lissafi sai ka ɗaga ƙarfen da hannunka. M20 yana kwance ne a karkace, injinan E36 kuma sun fi shi karkata da kusan digiri 10. Ramukan noti za su iya haɗuwa, amma giyabos ɗin zai zauna a jirkice, sandar giya ta fito a gicciye, sai an yi walda an gyara mazauni da hannun giya. Ranar da na fara ganin haka, maigidana bai ce komai ba, ya dai miƙo mini fitila ya nuna mini yadda bakin farfela ya kauce wa layinsa. Irin wannan kaucewar ce ke cinye robar da ke tsakanin giyabos da farfela, mai mota ya yi ta dawowa da kukan girgiza ba tare da an gano tushenta ba.

Shi ya sa idan injin na asali ne, ba a ƙara masa tobo ba, shawarata Getrag 260 ce kusan kullum. Masu ƙera motar sun riga sun yi wahalar auna komai, ramin da ke ƙarƙashin jikinta ma don shi aka yi, babu yanka babu bugun guduma. Sai dai a kula, Getrag 240 na masu ƙaramin inji yana kama da shi ga idon da bai saba ba, kuma a kasuwar kayan Beljiyam, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ƙarfe ne kawai jibge cikin baƙin mai. Mai sayarwa ba lallai ya yi niyyar cuta ba, shi ma "na BMW" aka ce masa. Naka ne ka wanke gefen ka karanta lambar, ka juya shaf ɗin gaba da hannu kana sa giya ɗaya bayan ɗaya, ka girgiza shi ka ji ko yana da lilo, ka kwance notin mai ka duba ko akwai garin ƙarfe. Ɗan baƙin laushi ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da za ka ji a yatsa kuwa, ka ajiye ka yi gaba, komai arharsa.

Darasin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar giyabos a matsayin dukkan aikin. Shi ne mafi girma a ido, amma ƙananan abubuwan da ke kewaye da shi ne ke tsayar da mota wata da watanni a kan jak. Ana buƙatar fedar kuloci da ta birki, domin ta otomatik faffaɗa ce. Ana buƙatar masta da ƙaramar silindar kuloci da bututunsu, fulawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji) da notunansa, faifan kuloci mai milimita 228 da murfinsa da borisinsa, farfela ta manuwal saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, ƙarfen da ke riƙe giyabos daga ƙasa, da sandar giya da duk 'yan robobinta. Idan aka tsinto su ɗaya-ɗaya daga motoci daban-daban, sai ka tarar fulawil na wata shekara ne, boris na wata, kuloci ya ƙi saki ko ya riƙa sulɓi. Na fi so mai mota ya ƙara haƙuri mu sami mota guda da ta yi hatsari ko ta ruɓe, mu kwashe komai daga jikinta, har da notuna, a zuba a buhu ɗaya.

Abu biyu nake nuna wa kowane yaron shago da yatsa. Na farko ɗan ƙaramin boris ne da ke shiga ramin bayan karanshaf, wanda kan shaf ɗin giyabos ke hutawa a cikinsa. Motar otomatik ba ta da shi, ramin a buɗe yake, kuma abu ne mai sauƙin mantuwa tunda babu tsohon da za ka cire ya tuna maka. Kaurin kan shaf ɗin ma ba duka ɗaya ba ne, sai an auna kafin a saya. Idan aka rufe babu shi, mota za ta tashi, har ta yi tafiya, daga baya ƙugi ya fara, giya ta riƙa ƙin shiga, a sake sauke komai saboda abin da bai kai girman murfin kwalba ba. Na biyu yana kan tankin man birki: akwai wani ɗan tsini a gefensa da aka toshe a motocin otomatik. Nan ake yankewa a sa tiyon da ke ba kuloci mai, domin tanki ɗaya suke sha da birki.

Wayarin ba shi da yawa. Akwai makunnin da ke hana otomatik tashi sai tana fakin ko firi, shi ake haɗewa, a kai wayar fitilar ribas zuwa makunnin da ke jikin sabon giyabos, a cire igiyar da ke tafiya daga totur zuwa tsohon. Inda ake shan mamaki shi ne motocin farko-farko, irin 325e, waɗanda kwamfutar injinsu ke karanta juyi daga jikin fulawil ta wasu na'urori biyu da ke shiga ta bakin giyabos. Idan wanda ka sayo ba shi da ramukansu, ko fulawil ɗin ba shi da ɗan tsinin da suke karantawa, za ka yi ta murza makulli babu wuta a fulogi. Na baya sun mayar da na'urar gaban inji, su babu ruwansu da wannan.

Ba kowa nake yi wa aikin ba, ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. Wani dattijo ya kawo tasa, fes da ita, fentin asali, otomatik ɗin na canza giya sumul. 'Ya'yansa ne suka zuga shi. Na tambaye shi inda yake zuwa da ita, ya ce kasuwa da masallacin Juma'a da gidajen 'yan'uwa, duk cikin gari. Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, a cunkoson nan gwiwarka ta hagu ce za ta biya kuɗin aikin nan." Muka canza mata man giya da filta, muka gyara igiyar totur, ya tafi da abarsa. Motar da ta kai shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa ta ba tana da wata daraja da ba a sayowa a kasuwa, kuma ina jin nauyin zama wanda ya fara kwance ta ba tare da dalili mai ƙarfi ba.

Wanda kuma dalilinsa ya tsaya, mai son doguwar hanya da jin injin a tafin hannunsa, ina yi masa da zuciya ɗaya, bisa sharaɗin da nake faɗa tun kafin a ɗauko sifana: ba za a yanka jikin motar ba, kuma tsohon giyabos da farfelarsa da fedarsa ba za su tafi wurin 'yan gwangwan ba. Muna tsiyaye man, mu toshe bakunan, mu ɗaure notunan a leda mu rubuta sunan kowanne, ya kai gida ya ajiye a inda ruwa ba ya taɓawa, ko da wata rana shi ko wanda ya saya daga hannunsa zai so mayar da ita yadda ta fito.